Tarihin yauƙi: abin da bakteriya ke saƙawa da sukari

A tsakiyar ƙarni na 19, masu masana'antun sukari a Jamus da Faransa sun sha fama da wata annoba da ba su san mafarinta ba. Sukan tatse ruwan bit, wato saiwar nan mai zaƙi da Turai ke samun sukari daga gare ta tun da rake ba ya yi a ƙasar sanyi, su tara shi a manyan tankuna. Wani lokaci kafin a kai ga dafa shi sai ruwan ya yi kauri, ya koma gudaji masu santsi da yauƙi, su toshe matata da bututu, su hana sukarin ƙanƙarewa. Ma'aikatan Jamus sun laƙaba wa abin suna "ƙwan kwaɗi", saboda kamarsa da tarin ƙwai mai silɓi da ake gani a bakin tafki. Duk tankin da ya kamu, asara ce.

Kimanin shekara ɗari bayan haka, wannan yauƙin ne ake ɗura wa sojojin da suka ji rauni a yaƙin Koriya don a ceci rayukansu. A yau danginsa suna cikin man goge baki, da miyar kwalba, da taɓon da ake haƙa rijiyar mai da shi. Aikinsa mafi girma kuma mafi daɗewa kuwa yana ƙarƙashin ƙafar manomi, domin yana daga cikin abubuwan da ke ɗaure ƙwayoyin ƙasa da juna har ta iya shan ruwan sama ba tare da ta narke ta bi kwazazzabo ba. Ɗan Adam ya koyi dafa wannan abu a tanki ya sayar da shi ga asibiti da kanti da kamfanin mai. Da ya so ya saye shi a buhu ya zuba a gona, sai abin ya faskara, kuma dalilin faskarar yana cikin halittar yauƙin kansa.

Ƙwaya iri ɗaya, ɗauri daban-daban

Masana suna kiran wannan rukuni na sinadarai folisakarayid, kalmar da aka haɗa daga Girkanci, ma'anarta "sukari mai yawa". A sauƙaƙe, doguwar sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyin sukari ɗaruruwa ko dubbai, kowace tana riƙe da ta gabanta, kamar ƙwayoyin carbi. Bahaushe ya san su tun kafin a raɗa musu suna. Sitacin gero da rogo, da zaren auduga, da ƙaron da ke tsatsowa daga jikin dakwara, da yauƙin kuɓewa da na lalo, duk 'yan gida ɗaya ne.

Ƙwayar tana iya zama iri ɗaya, amma halin sarƙar ya sha bamban gwargwadon yadda aka yi ɗaurin. Gulukos, sukarin da ke yawo a jininmu, yana da ƙwayoyin kabon shida waɗanda masana suka ba lamba daga 1 zuwa 6. Idan lamba 1 na wannan ta kama lamba 4 na wancan ta fuskar da ake kira alfa, sitaci ke nan, kuma cikinmu yana narkar da shi. Idan aka yi ɗaurin a wuri guda amma ta fuskar beta, sai a sami selulos. Sarƙoƙinsa miƙewa suke yi su kwanta a jikin juna su yi ƙarfi, shi ya sa ya zama auduga da kara da itace, wanda saniya ma ba ta narkar da shi sai da taimakon ƙananan halittun da ke cikin tumbinta.

Bakteriya gwanaye ne a wannan sana'a. Sukan haɗa sukari iri-iri, irin su gulukos da manos da galaktos da ramnos, su yi wa sarƙar rassa, su rataya mata ƙananan sinadarai masu tsami da ke ba ta cajin lantarki, sannan su fitar da ita waje ta lulluɓe su. Kowace ƙwayar sukari tana da hannaye da dama masu kama ruwa, saboda haka ɗan kaɗan na irin wannan sarƙa ya isa ya ɗaure ruwan da ya ninka nauyinsa sau da yawa. Asalin yauƙi ke nan.

Daga Pasteur zuwa Uppsala

A 1861 Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne ke sa ruwan zaƙi ya yi irin wannan kauri. Carl Scheibler, wani masanin sinadarai na Jamus da ya ƙware a harkar sukarin bit, shi ya tace abin ya gane cewa sarƙar gulukos ce, ya sa masa suna dekstiran, daga kalmar Latin mai nufin hannun dama, saboda yadda yake karkatar da haske ta ɓangaren dama a na'urar awo. A 1878 Bafaranshe Philippe van Tieghem ya bayyana bakteriyar da ke wannan aiki, ya kira ta *Leuconostoc mesenteroides*. Tana zaune a jikin tsirrai, tana shiga masana'anta tare da amfanin gona da ƙasar da ke manne da shi.

Yadda take yi shi ne, tana fitar da wani inzayim wanda ke raba sukarin shayi gida biyu. Rabi ɗaya, wato furuktos, ya saura a ruwa, ɗaya rabin kuma, wato gulukos, a ɗaura shi a sarƙa daga lamba 1 zuwa lamba 6. Ɗauri ne mai sassauci, don haka sarƙar lanƙwashewa take yi ta narke a ruwa. A 1941 Edward Hehre a birnin New York ya nuna cewa inzayim ɗin kaɗai, ko babu bakteriyar, yana iya saƙa dekstiran. Har gobe masu masana'antar rake suna fama da shi, domin raken da aka sare aka bar shi ya kwana biyu a rana kafin a matse yana tara dekstiran. Wata bakteriya mai zama a baki ma tana saƙa irinsa daga sukarin da muke sha, ta manne da shi a haƙori.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya juya labarin. A farkon shekarun 1940, Björn Ingelman, wani matashin masani a ɗakin binciken Arne Tiselius a jami'ar Uppsala ta Suwidin, yana nazarin ruwan bit don amfanin masana'antar sukarin ƙasar, sai ya ci karo da dekstiran. Shi da likita Anders Grönwall suka lura cewa idan an yi wa zomo allurarsa, jikin zomon ba ya tayar masa da faɗa kamar yadda yake yi wa baƙon abu. A lokacin, wanda ya zubar da jini da yawa ana ɗura masa ruwan jinin wasu mutane, kuma ruwan ba ya wadatarwa. Suka yi tunanin cewa idan aka daddatse sarƙar da ruwan asid har girmanta ya yi kusa da na albumin, furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jijiya, za ta iya yin aikinsa na ɗan lokaci. Haka kuwa aka yi. A 1947 kamfanin Pharmacia ya fitar da ita kasuwa da sunan Macrodex.

Matar Peoria

A Amurka, labarin ya ratsa ta wani ɗakin bincike na ma'aikatar gona a garin Peoria da ke jihar Illinois. An buɗe shi a 1940 da manufa ɗaya: a nemo wa rarar masara da sauran amfanin gona wata hanyar shiga kasuwa. A nan ne aka gano yadda za a yi fenisilin da yawa a lokacin yaƙi. A 1941 wata masaniyar sinadarai 'yar Texas, Allene Jeanes, wadda aka haifa a 1906, ta fara aiki a wurin.

Wata rana wani kamfanin lemon kwalba ya aiko da samfurin abin shansa da ya lalace ya yi yauƙi, yana neman a gaya masa dalili. Daga cikinsa aka ware wani nau'in *Leuconostoc* da aka ba lamba B-512. Dekstiran ɗinsa kusan miƙaƙƙe ne, domin kimanin kashi 95 cikin 100 na ɗaurinsa daga lamba 1 zuwa 6 ne, rassansa kaɗan ne. Wannan ya sa jikin mutum ya fi karɓarsa a kan na sauran nau'o'i. Jeanes da abokan aikinta suka tsara yadda za a yi shi da yawa, kuma da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, rundunar sojan Amurka ta ɗauke shi. Ba ya ɗaukar iskar numfashi kamar jini na gaske, amma yana cika jijiya ya hana bugun jini faɗuwa kafin a kai mai rauni asibiti. Ana iya dafa shi a kashe duk wata cuta, ba ya buƙatar firji, ba ruwansa da rukunin jini, kuma ba ya yaɗa ciwon hanta, wanda ruwan jinin da aka tara daga mutane da yawa ke yaɗawa a lokacin. Daga baya an gane yana da nasa lahanin, domin wasu jikinsu yakan ƙi shi, kuma yana rage daskarewar jini, shi ya sa amfani da shi ya ja baya. A 1953 Jeanes ta zama mace ta farko da ma'aikatar gona ta ba lambar yabonta mafi girma, kuma a 1954 ita da abokan aikinta suka wallafa nazarin dekstiran daga nau'o'in bakteriya 96.

Tambayar da ta biyo baya ta kasuwanci ce. Masana'antun Amurka suna shigo da abin kaurara abinci da magani da fenti daga waje: ƙaro daga Sudan da maƙwabtanta, garin guwa daga Indiya, wasu kuma daga ciyawar teku. Duk waɗannan sun dogara ga damina da farashi da siyasa. Shin bakteriya za ta iya cin sukarin masara ta ba da madadinsu? Masu binciken Peoria suka bi tarin ƙananan halittun da ke ajiye a wurinsu ɗaya bayan ɗaya, har suka tsaya a kan mai lamba B-1459, *Xanthomonas campestris*. Wannan cutar tsirrai ce. Ita ke sa baƙin ruɓa a kabeji, tana fakewa a cikin iri da ragowar ganyen da ya faɗi ƙasa, kuma da yauƙinta take toshe hanyoyin ruwa na ganye har ya yanƙwane. 'Yan'uwanta ne ke ƙona ganyen rogo da auduga da shinkafa da wake a gonakin Afirka. Yauƙin nata shi aka kira zantan. Kamfanin Kelco ya fara yin sa don kasuwa a farkon shekarun 1960, kuma a ƙarshen shekarun aka amince a sa shi a abinci. A kwalayen Turai, shi ne E415.

An daɗe ana sayar da shi kafin a san ainihin siffarsa. Sai a 1975 masana a Stockholm suka warware ta. Ƙashin bayansa daidai yake da na selulos, wanda ba ya narkewa a ruwa. Sai dai a kan kowace ƙwayar gulukos ta biyu akwai reshe mai ƙwaya uku: manos, sai asid ɗin gulukuronik, sai wani manos. Rassan suna ɗauke da caji, suna hana sarƙoƙin kwanciya a jikin juna, don haka abin yake narkewa. Suna kuma naɗe ƙashin bayan su mayar da shi kamar sanda mai tauri, shi ya sa gishiri da tsami da zafi ba sa karya shi da sauƙi. Idan ruwan yana tsaye, sandunan sarƙewa suke yi su yi kauri. Da zarar an girgiza ko an tura, sai su jeru ta fuska ɗaya ruwan ya tsinke ya zuba, da an bari kuma ya koma yadda yake. Ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari ya isa. Wannan hali ne ke sa miyar kwalba ta zuba idan an girgiza amma ta tsaya a kan abinci, shi ne kuma ke sa taɓon haƙar mai ya gudana idan famfo yana aiki, ya riƙe tsakuwar da aka fasa kada ta koma ƙasan rijiya idan famfon ya tsaya. A yau China ce kan gaba wajen yin sa.

Me mai abin ke yi da shi?

Nasarar zantan ta sa masu bincike suka bazama neman irinsa a ƙasa da ruwa. A jami'ar Osaka ta Japan, Tokuya Harada ya ware wata bakteriya daga ƙasa wadda daga baya aka sanya ta cikin dangin *Agrobacterium*. Daga gare ta ya sami sarƙoƙi biyu. Ta farko ita ce suksinogilaikan. Ta biyun, wadda ya bayyana a 1966, gulukos ce zalla da ɗaurin beta daga lamba 1 zuwa 3, kuma tana da wani hali na daban: ba ta narkewa a ruwan sanyi, amma idan aka dafa ta zafin ya wuce digiri 80, sai ta daskare kamar ƙwai, ba ta sake narkewa. Aka kira ta kadlan, kuma Japan tana sa ta a taliya da kayan abinci iri-iri. A 1978 Kelco ya samo jelan daga wata bakteriya a jikin tsiron ruwa a wani tafki na Pennsylvania.

Bakteriya ba don kanti take yin waɗannan ba. Saƙar sukari tana cinye mata abinci mai yawa, don haka dole akwai riba. Misalai uku sun nuna ribar.

Na farko, kariya daga fari. *Azotobacter vinelandii*, wadda Jacob Lipman ya ware a 1903 daga ƙasar Vineland a jihar New Jersey, tana yin aljinet, sarƙar da tun 1881 aka san ta amma ana ɗauka ta ciyawar teku ce kawai, har zuwa shekarun 1960 da aka same ta a jikin bakteriya. Idan aljinet ya haɗu da kalsiyam, sarƙoƙinsa sukan rungume ƙwayoyin kalsiyam ɗin a tsakaninsu su daskare. Da shi bakteriyar take gina wa kanta ɓawo idan abinci ya ƙare, ta kwanta a busasshiyar ƙasa fiye da shekara goma tana jiran ruwa. A 1992 Emily Roberson da Mary Firestone a Berkeley sun nuna cewa wata *Pseudomonas* ta ƙasa tana ƙara yawan yauƙin da take yi idan ta ji fari, kuma yauƙin yana rage saurin bushewar yashin da ke kewaye da ita.

Na biyu, neman izinin shiga. Tun shekarun 1880 aka san cewa ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar dangin wake gidajen bakteriya ne masu kamo naitirojin daga iska, irin waɗanda duk mai tuge gyaɗa ya sha gani. A 1985 John Leigh da Ethan Signer da Graham Walker a jami'ar MIT sun gwada bakteriyar da ke zama a saiwar alfalfa wadda aka hana ta yin suksinogilaikan. Saiwar ta yi ƙulle-ƙulle, amma fanko, babu bakteriya a ciki, babu naitirojin. Ashe tsiron yana duba sarƙar kafin ya buɗe ƙofa.

Na uku, mannewa. A nan ne amfanin bakteriya ya haɗu da na manomi.

Ƙura, da maganin da aka sa a buhu

A shekarun 1930 fari ya faɗa wa filayen tsakiyar Amurka waɗanda aka kore ciyawarsu aka nome da tarakta. Iska ta riƙa kwashe ƙasar sama, kuma guguwar ranar 14 ga Afrilu, 1935 ta mayar da rana dare a sassan Oklahoma da Texas. A shekarar ce aka kafa hukumar kare ƙasar noma ƙarƙashin Hugh Bennett. Tambayar da ta dami masana ita ce: me ke sa wata ƙasa ta dunƙule ta yi 'yan curi-curi kamar ɓarɓashin burodi, wata kuma ta zama gari?

A 1940 James Martin da Selman Waksman, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel saboda maganin tarin fuka, suka nuna a jami'ar Rutgers cewa idan aka zuba wa ƙasa abinci mai saurin ruɓewa, ƙananan halittu suna ɗaure ta. A tsakiyar shekarun 1940 Martin ya ƙara nuna cewa, a ɓangaren bakteriya, yawancin ɗaurin daga abin da suke fitarwa yake zuwa, musamman sarƙoƙin sukari. A Ingila, Geoghegan da Brian suka zuba wa ƙasa tataccen dekstiran da lebán, wato sarƙar furuktos da *Bacillus subtilis* ke yi, suka ga ta dunƙule. "Ƙwan kwaɗin" masana'antar sukari ya zama gam ɗin ƙasa.

Yadda ɗaurin ke faruwa ba shi da wuyar fahimta. Ƙwayoyin laka ƙanana ne ainun, kuma doguwar sarƙa guda tana iya taɓa da yawa daga cikinsu, ta manne a wurare masu yawa lokaci ɗaya. Inda sarƙar da lakar suke da caji iri ɗaya, da ya kamata su ture juna, sai kalsiyam ko ƙarfe ya shiga tsakani ya zama gada. Curin da aka ɗaure haka ba ya tarwatsewa idan ɗigon ruwan sama ya buge shi, kuma tsakanin curi da curi akwai ƙofofin da ruwa da iska da saiwa ke bi. Inda babu ɗaurin, ruwan farko yakan narkar da saman ƙasa ya liƙe ƙofofin, rana ta busar da shi ya yi ɓawo, ruwa na biyu ya gangare da ƙasar. A farkon shekarun 1960 Greenland da Lindstrom da Quirk a Adelaide ta Ostireliya sun tabbatar da haka ta wata hanya: suka zuba wa curin ƙasar noma sinadarin da ke datse sarƙar sukari, sai curin ya rasa ƙarfinsa.

Tun kafin wannan, 'yan kasuwa sun hango riba. Idan doguwar sarƙa mai caji ce ke ɗaure ƙasa, ai ana iya ƙera ta a masana'anta, wadda ma ba za ta ruɓe da wuri ba. A watan Disamba na 1951 kamfanin Monsanto ya sanar da Krilium, kuma jaridun Amurka suka yi ta yayata shi a matsayin maganin zaizayar ƙasa. A gwaji yana aiki, ɗan kaɗan yakan dunƙule laka. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙasar da garma ke juyawa a hekta guda ta kai tan dubu biyu ko fiye, don haka ko kashi ɗaya cikin dubu na nauyinta ma tan biyu ne na sinadari mai tsada, kuma sai an gauraya shi sosai a daidai danshin da ya dace. Masara da alkama ba za su iya biyan kuɗin ba. Cikin 'yan shekaru aka daina jin ɗuriyarsa. Sai a shekarun 1990 tunanin ya dawo a ƙanƙance, lokacin da masu bincike a Idaho suka nuna cewa ɗan kaɗan na wata sarƙar roba a cikin ruwan ban-ruwa yana rage zaizayar kwarin kunya. Saman ƙasa kawai yake gyarawa, kuma sai an riƙa maimaitawa.

Gam ɗin da ake ci

Abin da ya bambanta gam ɗin bakteriya da na buhu shi ne, bakteriya tana yin nata a daidai inda ake bukatarsa, a jikin saiwa da cikin ƙananan ƙofofin ƙasa, ba tare da kuɗin mota ko na gauraya ba. Rauninsa kuma shi ne abinci ne. Sarƙar da wannan ta saƙa, wata za ta cinye. A 1982 Judith Tisdall da Malcolm Oades, su ma a Ostireliya, suka raba abubuwan da ke ɗaure ƙasa gida uku: masu wucewa da sauri, wato sarƙoƙin sukari, waɗanda ke ɗaukar makonni, masu ɗan daɗewa, wato saiwoyi da zaren naman gwari, da masu dorewa, wato tsohon ruɓaɓɓen abu da ya haɗe da laka da ƙarfe. Ma'anar wannan ga manomi ita ce, ɗaurin ba ya tsayawa sai ana sabunta shi, kuma ba a sabunta shi sai an ciyar da masu yin sa da taki, da ragowar kara da ganye, da saiwoyi masu rai waɗanda ke tsatso da sukari cikin ƙasa.

Wannan magana ta shafi yankin Sahel kai tsaye. Ƙasar rairayi ce a wurare da yawa, lakarta kaɗan, zafi yana hanzarta ruɓewa, kuma bayan girbi karan gero da dawa suna da masu jira: dabbobi, da danni, da murhu. Abin da ke komawa ƙasa ba shi da yawa. A yammacin Nijar, Oumarou Malam Issa da abokan aikinsa sun yi nazari tun ƙarshen shekarun 1990 a kan wani siririn ɓawo mai duhu da ke rufe saman saura da dajin nan mai ratsi-ratsi kamar fatar damisa. Sun nuna cewa bakteriya masu cin hasken rana ne ke saƙa shi, zarensu da yauƙinsu suna ɗaure ƙwayoyin yashi, kuma ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta fi jure wa ruwa a kan wadda ba ta da shi. Kaurinsa 'yan milimita ne. Yana ɗaukar shekaru kafin ya yi ƙwari, kuma kofato ko fartanya suna fasa shi a wuni ɗaya.

Allene Jeanes ta rasu a 1995, kuma a 2017 aka sanya sunanta a zauren fitattun masu ƙirƙira na Amurka. Nau'o'in nan biyu da ta yi aiki da su, B-512 da B-1459, suna nan a ajiye a Peoria, jikokinsu kuma suna cin sukari a manyan tankuna a nahiyoyi da dama. Waɗanda ke gona ba su da lamba, kuma ba wanda ke auna musu abinci. Mai son ya ga ko suna aiki a gonarsa yana iya yin gwajin da masana ƙasa ke yi har yau: ya ɗauki busasshen curi ɗaya daga ƙarƙashin gawo ko inda shanu suka kwana, ɗaya kuma daga tsakiyar gonar da aka share ƙal shekara da shekaru, ya sa kowanne a hankali cikin kofin ruwa, ya duba wanda zai riga ɗan'uwansa narkewa.